Ciwon Hanta Nau'in B: Yadda Mai Zama Nesa Da Asibiti Zai Kula Da Kansa

Yawancin waɗanda aka gano suna ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B ba ciwo ne ya kai su asibiti ba. Wani jini ya je bayarwa aka ce ba za a karɓi nasa ba, wata kuma awon ciki ta je aka haɗa mata da wannan gwajin. Mutum ya fito da takarda a hannu, jikinsa garau, ya koma gona ya yi aikin da ya saba yi, bayan mako biyu ya manta inda ya ajiye takardar. A nan matsalar take. Wannan cuta tana iya yin shekara ashirin ko talatin tana cin hanta ba tare da ta yi motsin da mai ita zai ji ba, kamar gara a cikin katako, waje sumul, ciki kuwa an gama. Saboda haka duk wanda ya ce sai ya ji alama zai koma wurin likita, ya zaɓi ya koma a lokacin da abin da za a iya yi masa ya ragu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke rayuwa da cutar a jikinsu, kuma ta kashe kimanin mutum miliyan 1.1 a wannan shekarar kaɗai, akasari ta hanyar taurin hanta da kansar hanta. Cikin masu ɗauke da ita a wannan shekarar, kashi 13 cikin 100 ne kawai suka san suna da ita, masu shan magani kuwa ba su wuce kashi 3 cikin 100 ba. Idan har ka san matsayinka, ka riga ka shiga cikin 'yan tsirarun da suke da damar kare hantarsu.

Mazaunin karkara yana fama da abubuwan da na birni bai cika sanin nauyinsu ba. Asibitin da ke iya yin gwajin yana da nisa, kuɗi ba kullum suke zuwa ba sai lokacin girbi ko an sayar da dabba, ma'aikacin lafiya ɗaya ne ga jama'a masu yawa kuma ba shi da lokacin zama ya yi bayani, ga kuma tsoron kada maganar ta fita a gari inda kowa ya san kowa. Waɗannan su ne suke yanke hukuncin ko mutum zai riƙe kulawarsa ko zai sake ta, kuma kowannensu akwai dabarar da ake bi a rage masa ƙarfi.

Mataki na farko: ka tabbatar da abin da takardar ta ce

Gwajin da aka fi yi, wanda ake ɗiga jinin yatsa a kan ɗan tsinke, sunansa HBsAg. Idan ya nuna akwai, ma'anarsa ƙwayar tana jikinka a yanzu. Bai faɗi tun yaushe take ba, bai faɗi yawanta ba, bai kuma faɗi halin da hantarka ke ciki ba. Babba da ya kamu da cutar sabuwa, galibi jikinsa kan kore ta da kansa cikin 'yan watanni, waɗanda take zame musu ta dindindin ba su kai 5 cikin 100 ba. Jariri kuwa akasin haka ne: kusan 9 cikin 10 na jariran da suka kamu za su girma da ita. Shi ya sa ake cewa cutar ta zauna idan gwajin ya ci gaba da nuna akwai bayan wata 6. A wuraren da cutar ta yi yawa, yawancin manyan da aka samu da ita tun suna ƙanana suka ɗauka, don haka likita na iya fara sauran gwaje-gwajen ba tare da ya jira ba.

Wannan bayani yana da muhimmanci ga zaman aure. Sau da yawa da zarar an ce ana ɗaukar cutar ta hanyar saduwa, sai zargi ya shiga tsakanin miji da mata, alhali mai yiwuwa mutumin tun ranar haihuwarsa yake tare da ita. Takardar ba hujjar cin amana ba ce, kuma bai kamata kowa ya karanta ta haka ba.

Mataki na biyu: ka san halin da hantarka ke ciki

Kafin ka bar wurin likita a zuwan farko, ka nemi a duba abubuwa kamar haka. Akwai ALT da AST, sinadarai ne da ke fita cikin jini idan hanta tana kumburi. Akwai ƙirgen ƙwayoyin jini, musamman waɗanda ke sa jini ya daskare, a takarda za ka ga an rubuta PLT. Akwai gwajin ƙoda, domin maganin da aka fi bayarwa ta ƙoda yake fita. Akwai gwajin ƙanjamau, wanda ba a tsallake shi, saboda maganin hantar yana taɓa ƙwayar ƙanjamau ma, kuma idan aka ba mai ɗauke da cututtukan biyu shi kaɗai, ƙwayar ƙanjamau za ta koyi bijire wa magani. Idan da hali a duba ciwon hanta nau'in C da nau'in D, wanda shi ba ya kama kowa sai mai nau'in B kuma yana sa hanta saurin lalacewa. Sai hoton ciki. Sai kuma gwajin yawan ƙwayar cutar a jini, HBV DNA, wanda shi ne ya fi tsada kuma ya fi wuyar samu a ƙananan asibitoci.

Rashin samun wannan na ƙarshe ya sa mutane da yawa sun zauna ba magani shekara da shekaru. A watan Maris na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sabbin ƙa'idoji da suka sassauta wannan. Yanzu ana iya yanke shawarar fara magani da lissafin da ake kira APRI, wanda ba ya buƙatar komai sai AST da PLT, gwaje-gwajen da ƙaramin ɗakin gwaji ke iya yi. Ga yadda ake yin sa. A ce AST ɗinka 60 ne, iyakar lafiya da ɗakin gwajin ya rubuta kuma 40. Ka raba 60 da 40, ka samu 1.5. Ka ninka da 100, ya zama 150. Ka raba da adadin PLT, a ce 200 ne, sai ka samu 0.75. Duk abin da ya haura 0.5 alama ce hanta ta fara tabo sosai, kuma bisa sabbin ƙa'idojin mai wannan sakamako ya cancanci magani. Ba ina cewa ka zama likitan kanka ba ne, zazzaɓin cizon sauro ma kan sauke PLT ya ruɗa lissafin. Amma idan ka san akwai wannan hanya, za ka iya tambaya: "Likita, tunda ba a yin gwajin yawan ƙwayar a nan, ko za a lissafa min APRI?"

Sauran dalilan fara magani sun haɗa da yawan ƙwayar da ya wuce 2,000 tare da ALT da ya haura iyaka, ko kasancewar wani a danginka na jini ya taɓa yin kansar hanta ko taurin hanta, ko kana da ciwon suga, ko ƙanjamau, ko nau'in C ko D, ko kana shan magungunan da ke rage garkuwar jiki. Inda babu gwajin yawan ƙwayar kwata-kwata, ALT da ya ci gaba da zama a sama a gwaji biyu da aka yi da tazarar watanni ya isa dalili. Ka lura da wani abu a nan: takardun gwaji da yawa suna nuna 40 a matsayin iyakar ALT, amma ƙa'idar hukumar ta sa 30 ga namiji, 19 ga mace. Mace mai ALT 35 za ta iya ganin ba a ja layi a ƙarƙashin sakamakonta ba ta ɗauka lafiya lau, alhali ya kamata a sake dubawa.

Maganar dangi kuwa kada ka raina ta. Idan mahaifinka ko wanka ya rasu da kumburin ciki da shawara, ko da ba a taɓa faɗa muku sunan ciwon ba, ka gaya wa likita. Wannan jumla ɗaya tana iya canza shawarar da zai yanke.

Idan aka ce ba ka buƙatar magani yanzu, ba sallama aka yi maka ba. Cutar tana canza hali, wadda take kwance bana tana iya tashi baɗi. Aƙalla sau ɗaya a shekara za a maimaita gwajin, wasu kuma duk wata 6.

Mataki na uku: littafi ɗaya, leda ɗaya

Wannan shi ne mataki mafi arha, kuma a ganina shi ne ya fi raba wanda ya riƙe lafiyarsa da wanda ya ɓace. Ma'aikatan lafiya a karkara ana yawan canza musu wurin aiki, katin asibiti kan ɓata, wata rana kuma dole ta sa ka je wani asibitin daban. Sakamakon gwaji ɗaya ba ya faɗin abu mai yawa, jerin sakamakon shekaru shi ne ke nuna inda hanta ta dosa. Idan ba a hannunka yake ba, kowane sabon likita daga farko zai soma, ka sake biyan kuɗin abin da ka riga ka yi.

Ka samu ƙaramin littafin rubutu. A shafin farko a rubuta ranar da aka fara gano cutar, da sunan maganinka da ƙarfinsa idan kana sha, da sauran cututtukan da kake da su. A shafukan gaba a ja layuka: kwanan wata, ALT, AST, PLT, gwajin ƙoda, yawan ƙwayar, abin da hoton ciki ya nuna, da ranar dawowa. Takardun asali kuma a ninke su a sa a leda mai kauri, a ajiye inda ruwa da ɓera ba za su kai ba. Idan akwai waya mai ɗaukar hoto a gidan, a ɗauki kowace takarda. Wanda bai iya karatu ba ya roƙi ma'aikacin lafiyar ya cike masa layin kafin ya tashi daga kujera, minti biyu ne, kuma ya sa a faɗa masa ranar dawowa da baki ya ɗaura ta da wani abu da ba ya mantawa, kamar farkon shuka ko ƙarshen girbi.

Mataki na huɗu: shan magani, da kuma kada ya yanke

Magungunan da aka fi amincewa da su biyu ne, tenofovir da entecavir, kowanne ƙwaya ɗaya a rana. Tenofovir na yau da kullum miligiram 300 ne, ana iya shan sa tare da abinci. Entecavir kuwa ana shan sa ciki ba komai, awa 2 bayan cin abinci kuma awa 2 kafin na gaba, shi ya sa wasu suka fi son sa daf da kwanciya. Aikinsu shi ne su hana ƙwayar hayayyafa. Idan ta daina hayayyafa kumburin hanta yana lafawa, tabon yana tsayawa, wani lokaci har ya ragu, haɗarin kansa kuma yana sauka. Ba sa fitar da ƙwayar daga jiki gaba ɗaya. Yawancin masu sha za su sha ne har tsawon rai, kuma gara a san haka tun ranar farko a shirya masa.

Abin da ya fi kowanne haɗari a wannan mataki shi ne tsayar da magani kai tsaye. Ƙwayar da aka danne watanni tana iya tasowa da ƙarfi cikin makonni ko 'yan watanni, garkuwar jiki ta far wa hanta, mai tabon hanta kuma wannan kan iya kai shi ga mutuwa. Mutane kan tsaya ne bisa dalilai uku da na fi jin ana faɗa: kuɗi sun ƙare, jiki ya yi daɗi, ko wani gwaji ya nuna "ba a ga ƙwayar ba". Wannan sakamakon na ƙarshe yana nufin maganin yana aiki ne, don haka a ci gaba. Likita ne kaɗai zai ce a tsaya, shi ma da sharaɗin gwaji a kai a kai bayan tsayawar.

Don kada maganin ya yanke, ka riƙa ƙirga shi da kwanaki. Kwalba mai ƙwaya 30 wata ɗaya ce. Ranar da ka buɗe kwalbar ƙarshe, ranar ce za ka fara shirin tafiya karɓo wata, kada ka jira sai ka ji ƙwaya biyu suna kaɗawa a ciki. Ka roƙi a riƙa ba ka na wata 3 ko fiye a lokaci ɗaya idan gwajinka ya daidaita, wurare da yawa suna yarda idan aka yi musu bayanin nisan hanya. Kafin damina ta kankama hanya ta yanke, ka tabbatar kana da abin da zai kai ka ƙarshenta. Lokacin da kuɗi suka shigo kuwa, kason magani da na gwaji da na mota shi za a fara warewa, kafin hidimomi su cinye. Idan ka ga tun farko ba za ka iya ɗorewa ba, ka faɗa wa likita gaskiya kafin ka fara, ku nemi mafita tare. Akwai samfurin maganin na kamfanoni daban-daban da ba su kai na asali tsada ba kuma aikinsu ɗaya, matuƙar daga amintaccen wuri aka saya. Ka duba ranar lalacewa, ka duba murfin ba a taɓa buɗe shi ba, ka guji ƙwayoyin da ake ƙirgo maka a ƙulle a leda ba suna.

Ka haɗa shan maganin da wani abu da kake yi kullum a lokaci ɗaya, wanke baki da safe ko rufe ƙofa da dare. Idan ka manta ka tuna a cikin awa 12, ka sha. Idan lokacin na gaba ya kusa, ka bar wanda ya wuce, kada ka haɗa biyu. Idan ka yi amai cikin awa ɗaya da shan tenofovir, ka sake shan wata. Kwalbar a bar ta a rufe da ɗan ƙunshin da ke tsotse danshi a ciki, nesa da rana da murhu. Mai tafiya kiwo ko cin rani ya ɗauki fiye da abin da yake zaton zai buƙata.

Mai shan tenofovir ya riƙa gwajin ƙoda aƙalla sau ɗaya a shekara, ya kuma yawaita shan ruwa a ranakun aikin rana. Wanda ya haura shekara 60, ko mai ciwon ƙoda, ko mai raunin ƙashi, likita na iya zaɓa masa entecavir ko sabon samfurin tenofovir mai miligiram 25.

Mataki na biyar: abin da ke shiga bakinka

Giya ba ta da wani ƙaramin adadi da za a ce ba komai ga mai wannan cuta, a bar ta gaba ɗaya. Taba ma tana ƙara haɗarin kansar hanta. Waɗannan kowa ya ji su.

Wanda ba a cika faɗa ba, kuma ya fi shafar manomi, shi ne funfunar amfanin gona. Akwai wata funfuna da ke kama masara da gyaɗa da sauran hatsi idan an adana su da danshi, tana fitar da guba mai suna aflatoxin. Gubar ita kaɗai tana jawo kansar hanta, idan kuma ta haɗu da ƙwayar nau'in B haɗarin yana ninkawa sau da yawa. Dafuwa da suya ba sa kashe ta. Don haka kariya tun daga gona take farawa: a girbe a kan lokaci, a shanya a kan tabarma ko leda maimakon ƙasa tsirara, a bari ya bushe ƙayau kafin a zuba a buhu, a ɗora buhunan a kan katako kada su taɓa ƙasa ko bango, ɗakin ajiyar kuma ya samu iska. Kafin a kai niƙa a zauna a tsince duk ƙwayar da ta canza launi, ko ta motse, ko ƙwari suka huda. Akwai ɗabi'ar sayar da mai kyau a ci rubabben a gida don kada a yi asara. Gidan da ke da mai ciwon hanta bai kamata ya yi wannan ba, asarar da ke cikinsa ta fi ta buhu.

Sai magunguna. Hanta ce ke tace kusan duk abin da aka haɗiya. Paracetamol yana da sauƙi idan an tsaya a ƙa'ida, likitoci da yawa kan iyakance mai tabon hanta a giram 2 a rana, wato ƙwaya 4 masu miligiram 500, kuma a tuna magungunan mura da yawa suna ɗauke da shi a ciki. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda masu aikin ƙarfi ke sha kusan kullum, suna wahalar da ƙoda kuma suna iya jawo zubar jini a ciki, mai tabon hanta ko mai shan tenofovir ya nisance su sai da izinin likita. Dexamethasone da prednisolone, da wasu ke sha don ƙiba ko ciwon gaɓoɓi ba tare da an rubuta musu ba, suna raunana garkuwa su ta da ƙwayar da ke kwance. Idan za a ba ka maganin tarin fuka ko na kansa, ka faɗi cewa kana da nau'in B kafin a fara.

Maganar jiƙe-jiƙe da haɗe-haɗen da ake tallatawa da sunan wanke hanta tana buƙatar a faɗe ta ba kwana-kwana. Har yau babu wani haɗi da aka tabbatar yana fitar da wannan ƙwaya daga jiki, wasu kuma an tabbatar suna ƙona hanta. Na fahimci abin da ke jan mutum: mai haɗin yana kusa, yana saurare, yana kuma yin alkawarin warkewa cikin wata uku, likita kuwa yana nesa yana maganar magani har abada. Amma alkawarin ne ya kamata ya sa ka tsaya ka yi tunani. Wani zai nuna maka wanda gwajinsa ya koma babu bayan ya sha haɗin. Wannan na faruwa da wanda ya kamu sabuwa jikinsa ya kore ta da kansa, yana kuma faruwa da kusan mutum 1 cikin 100 na masu tsohuwar cutar a kowace shekara ba tare da sun sha komai ba. Idan ka riga ka sha wani abu, ka faɗa wa likita ba tare da jin kunya ba, domin idan ALT ya hau yana buƙatar sanin ko ƙwayar ce ko abin da ka sha.

Abinci kuwa babu wani na musamman da za ka saya. Ka ci abin da kake samu mai tsabta, da ganye da kayan marmari da abin gina jiki, ka rage zaƙi da maiƙo don kada kitse ya taru a hanta. Hana mai wannan ciwo cin nama da ƙwai da mai gaba ɗaya ba shi da tushe, yana ramar da shi ne kawai. Wanda ruwa ya fara taruwa a cikinsa shi ne ake ce wa ya rage gishiri sosai. Mai fesa maganin ƙwari a gona ya rufe hanci da jiki, ya yi wanka da ya gama.

Mataki na shida: mutanen gidanka

Ƙwayar tana bin jini da ruwan jiki na saduwa, tana kuma wucewa daga uwa zuwa jariri lokacin haihuwa. Tana iya rayuwa a busasshen jini a kan reza ko wani abu aƙalla kwana 7. Don haka rezarka da buroshin haƙorinka da abin yanke farcenka naka ne kai kaɗai, allura kuma a buɗe sabuwa a gabanka. Ciwo a rufe shi. Jinin da ya zuba a goge shi da ruwan bilic, kashi ɗaya a cikin kashi tara na ruwa, hannu a cikin safar roba ko leda. Kada ka ba da jini.

Ba a ɗaukarta ta cin abinci a kwano ɗaya, ko shan ruwa a kofi ɗaya, ko musabaha, ko runguma, ko tari, ko cizon sauro, ko gumi. Ware wa mutum kwanonsa da shimfiɗarsa zalunci ne da ba ya kare kowa, kuma shi ne ke sa wasu su ɓoye cutar har su daina zuwa asibiti don kada a gan su.

Kariyar gaskiya ita ce kowa a gidan ya yi gwaji: mata ko miji, 'ya'ya, iyaye, da waɗanda kuke uwa ɗaya. Wanda ba shi da ita a yi masa allurar rigakafi, guda 3, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku bayan wata 6 da ta farko. Ana amfani da wannan rigakafi tun 1982, kuma kariyarsa ta kusa cika ɗari bisa ɗari. Kafin abokin zama ya kammala allurarsa a yi amfani da kwaroron roba. Bayan haka aure da haihuwa suna tafiya yadda suka saba.

Ba dole ne gari ya sani ba, amma mutum ɗaya a gida ya kamata ya san komai: inda littafin yake, sunan maganin, ranar komawa, da alamomin haɗari. Ka zaɓi mai riƙe sirri, ka tafi da shi asibiti ko sau ɗaya ya ji bayani daga bakin ma'aikacin lafiya. Macen da ba ta fita sai da izini ko ba ta riƙe kuɗi, samun mijinta ya ji wannan bayani da kunnensa shi ne sau da yawa ke tabbatar da cewa za ta koma a kan lokaci.

Ke kuma 'yar'uwa mai juna biyu, ki sanar da masu awo tun zuwan farko. Idan yawan ƙwayar ya kai 200,000, ko gwajin HBeAg, wanda ke nuna alamar ƙwayar tana hayayyafa sosai, ya nuna akwai, za a ba ki tenofovir daga tsakiyar ciki har zuwa haihuwa don kare jaririn, kuma inda babu waɗannan gwaje-gwajen sabbin ƙa'idojin sun yarda a ba duk mai cikin da ke ɗauke da ƙwayar. Abu mafi muhimmanci shi ne allurar rigakafin jariri a cikin awa 24 da haihuwa. Ki tambaya tun cikin yana wata 7 ko 8 ko asibitin yana ajiye allurar, har da dare da ranakun hutu. Idan haihuwa ta zo a gida, a kai jaririn a ranar, kada a jira cibiya ta faɗi ko uwa ta warware. Idan an makara duk da haka a kai shi, sannan a cika sauran alluran. Ki shayar da nononki, ba ya ba shi cutar. Idan ya kai wata 9 zuwa 12 a yi masa gwaji. Ke ma kada ki ajiye maganin bayan haihuwa sai an duba ki, domin a watannin nan cutar kan motsa.

Mataki na bakwai: sa ido a kan kansa, da sanin ranar da ba a jira

Magani yana rage haɗarin kansar hanta, bai share shi ba. Mai tabon hanta, da wanda aka taɓa yin kansar a danginsa, da wanda ya haura shekara 40 a yankunan da cutar ta yi yawa, ana so su yi hoton ciki duk wata 6, sau da yawa tare da gwajin jini mai suna AFP. Dalilin wata 6 shi ne a kama ƙari tun yana ƙarami ana iya cire shi ko ƙona shi, domin wanda ya girma har aka ji shi da hannu ya riga ya yi nisa. Don rage wahalar hanya, ka nemi a haɗa maka hoton da gwajin jini da karɓar magani a rana ɗaya. Ka kira tukuna ka tabbatar mai ɗaukar hoton yana nan kuma injin yana aiki, ka tambaya ko za ka zo ba ka ci komai ba. Ka karɓi lambar wayar asibitin, ka bar musu taka ko ta wanda ka amince da shi, wani sakamakon ana iya faɗa maka ta waya ba sai ka sake tafiya ba.

Akwai alamomin da idan sun bayyana ba a jiran ranar da aka rubuta. Ido ko fata su yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayi. Ciki ya kumbura ko ƙafafu su tasa. Aman jini, ko bayan gida baƙi wuluk mai wari. Jini daga hanci ko dasashi da ya ƙi tsayawa. Rama ba dalili, ko ciwo mai naci a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Zazzaɓi da ciwon ciki ga wanda ruwa ya riga ya taru masa. Sai kuma rikicewar tunani, mutum ya riƙa barci da rana yana farke da dare, yana magana ba kan gado, hannunsa yana karkarwa. Wannan ta ƙarshe mai ita ba ya gane kansa, kuma 'yan uwa kan ɗauka wani abu ne daban su ɓata kwanaki suna nema masa magani a wani wuri, alhali guba ce da hanta ta kasa tacewa ta hau kai, kuma asibiti na da maganinta.

Aman jini da baƙin bayan gida da rikicewa ba sa jiran gari ya waye. Tun yau ka san asibitin da ke da ƙarin jini mafi kusa da kai, ka ajiye lambobin wayar masu abin hawa mutum biyu a shafin ƙarshe na littafinka, ka ware kuɗin mota a cikin ledar takardun kada a taɓa su. Mai aman jini a kwantar da shi a gefensa, kada a ba shi abinci ko wani magani ta baki, a ɗauki littafin da kwalbar maganinsa a tafi.